Matar Da Ke Gefen Minista

A gidan talabijin Mai Hannu ake ce mata. Ita ce matar nan da ake gani a ɗan akwati can ƙasan allo, tana mayar wa kurame da labarai da maganar hannu. Ita ba kurma ba ce. Ummanta ce kurma, kuma a cinyarta ta koyi maganar hannu tun bakinta bai buɗe ba. Da yake ba ta da surutu, mutane da yawa sun ɗauka ita ma ba ta ji. Wani sai ya tsaya a gabanta yana wage baki yana nuna mata kujera. Takan yi murmushi ta zauna.

An kwana biyu ana tafka ruwa ba ƙaƙƙautawa, gari kuma ya ɗauka cewa bangon madatsar ruwa ya tsage. Da safe aka kira ta, wai Ministan Ruwa zai yi wa jama'a jawabi kai tsaye, ta yi maza ta zo ma'aikatar. A bakin ƙofa aka karɓi wayarta, aka tura ta wani ɗan ɗaki bayan zauren taro ta jira.

Tana tsaye tana gyara hannun rigarta sai ga Minista ya shigo da waya a kunne, sakatarensa na yaɗa labarai na biye da shi.

"Ki kwashe yaran ku tafi gidan can na kan tudu," yake cewa. "Yanzu, ba anjima ba. Kar ki tsaya haɗa kaya. Injiniyoyin sun ce da ƙyar bangon ya kai gobe. Kuma kar ki gaya wa kowa, har Hajiyarku."

Sakatare ya taɓa shi, ya nuna ta da haɓa. Minista ya waiwaya ya kalle ta sama da ƙasa.

"Ai ta kuramen nan ce," ya ce, ya ci gaba da wayarsa.

Nan take gida ya faɗo mata a rai. Gidansu na unguwar bakin kogi, inda ko ruwan yayyafi sai ya kwanta a tsakar gida. Umma na can, ƙila tana zaune gaban talabijin kamar kullum tana jiran ɗiyarta ta bayyana. Yayanta tela ne, shagonsa na bakin layi. Ta taɓa aljihu, ta tuna wayar na hannun masu gadi. Kafin ta san abin yi, sakatare ya tafa mata hannu a fuska, ya nuna ƙofar zaure.

Zauren ya cika da 'yan jarida. Aka tsayar da ita gefen Minista, fitilu suka haska. Ya gyara tabarau, ya fara da murya mai kwantar da hankali. Ya ce madatsa lafiyarta lau. Ya ce shi da kansa ya je ya gani. Ya ce kowa ya zauna a gidansa, kuma duk wanda aka kama yana baza jita-jita zai gamu da hukuma.

Hannayenta suka yi ta aikinsu kamar ba nata ba. Lafiya lau. Ku zauna a gida. Tana kallon bakin kyamara, kuma ta san wadda ke kallonta daga can. Umma ba ta taɓa yarda da wani ɗan siyasa ba, amma duk abin da ya fito daga hannun ɗiyarta gaskiya ne a wurinta.

Minista ya tsaya shan ruwa. Ita ba ta tsaya ba.

"Wannan ba maganarsa ba ce, tawa ce," ta faɗa da hannu. "Yanzu na ji shi da kunnena yana ce wa matarsa ta gudu da yara. Bangon ba zai kai gobe ba. Duk wanda ke bakin kogi ya fita. Ku gaya wa maƙwabta. Umma, ki tashi."

Ba wanda ya motsa a zauren. Ba mai jin abin da ta ce. Minista ya ajiye kofi ya shiga yabon ma'aikatansa, ita kuma ta bi shi har ƙarshe.

Suna fita mai ɗaukar hoto ya yi mata dariya. "Yau hannunki ya fi bakin oga sauri. Ko an ƙara miki albashi ne?"

Ta wuce shi zuwa wurin masu gadi. Da ta karɓi wayarta, kira ne ke shigowa kan kira. Wata malamar makarantar kurame ta riga ta ɗauki hoton jawabin ta rubuta fassarar a ƙasa, kuma ya shiga wayoyin mutane. Kafin ta samu abin hawa, titin da ya fito daga bakin kogi ya cushe. Katifu a kan motoci, tsofaffi a bayan babura, wata mata da tukunya a ka da jariri a baya tana kuka tana tafiya.

A gidan Gwaggo, ƙanwar babansu da ke kan tudu, ta tarar da su. Yaya ne ya kawo Umma. Tsohuwar ta riƙe fuskarta da hannu biyu, ta daɗe tana kallonta, sannan ta tambaye ta ko ta ci abinci.

Bayan la'asar Gwaggo ta ƙwala mata kira daga falo. Sakataren Minista ne a talabijin. Ya ce matar da aka gani da safe ba ta da lafiyar ƙwaƙwalwa, an daɗe ana haƙuri da ita. Ya ce ko maganar hannun ba ta iya ba, kuma an dakatar da ita daga aiki. Ya ce wasu ne suka saye ta don su tayar da hankalin jama'a, ɓarayi su samu gidajen da ba kowa. Kowa ya koma gidansa.

A ɗan akwatin ƙasan allo kuwa, yarinyar da ita Mai Hannu ta koya wa aiki ce a tsaye. Tana fassarawa tiryan-tiryan, idonta a ƙasa.

"Innalillahi," Gwaggo ta ce. "Mahaukaciya? Ke?"

Mai Hannu ta zauna a hannun kujera. Ta yi tsammanin kora, ta yi tsammanin 'yan sanda. Wannan ce ba ta taɓa zuwa mata a rai ba.

Yaya ya miƙe yana neman makullin babur.

"Ina za ka, Yaya?"

"Shago. Kin ji dai abin da ya ce. Kekunan ɗinkina na can, ga kayan mutane."

"Wallahi da kunnena na ji shi."

"Ban ce ƙarya kika yi ba, ƙanwata. Ƙila dai ba ki ji daidai ba. Mutum kamar minista zai fito gaban duniya ya faɗi abin da gobe za a kama shi da shi? Duba titi, ai mutane komawa suke yi."

Ta sha gabansa a ƙofa. Ya ɗaga ta gefe kamar lokacin da suke yara, yana dariya.

"In ruwan ya zo zan ɗinka masa riga. Da safe zan kawo muku kayan sawa."

Da hantsi washegari bangon ya tafi. Daga kan tudu suka fara jin wani irin ruri kamar manyan motoci na wucewa, sai mutane suka yi ta fitowa daga gidaje suna nuna ƙasa. Unguwar bakin kogi ta koma jan ruwa, rufin kwano na yawo a kai. Mai Hannu ta yi ta kiran wayar Yaya. Ta shiga sau ɗaya, daga nan ba ta ƙara ba. Umma ba ta ji rurin ba, amma ta ji shi a tafin ƙafarta, ta fito ba ɗankwali.

Sai da ruwa ya janye aka sami gawar Yaya, ba nisa da shagon. Shi da wasu da yawa, kusan dukansu waɗanda suka koma ne.

Ana zaman makoki a gidan Gwaggo wata maƙwabciya ta shigo da waya a hannu tana cewa su gani. Minista ne, sanye da rigar ruwa, a tsakiyar laka. Ya yi wa iyalan mamata ta'aziyya. Sannan ya ce ba don gwamnati ta yi hanzari ba, da asarar ta ninka haka. Ya ce tun ranar farko ma'aikatarsa ta gargaɗi jama'a su bar bakin kogi, har da maganar hannu, don kada a bar nakasassu a baya.

Wata tsohuwa ta saki carbinta a cinya.

Umma ta ga fuskokin mutane sun canza. Ta kalli wayar, babu mai fassara a gefensa. Ta jawo rigar ɗiyarta, ta tambaye ta da hannu me mutumin ke cewa.

Mai Hannu ta ɗaga hannayenta, suka tsaya a iska. Umma ta jira. Da ta ga ba su motsa ba, sai ta kama su ta sauke mata su a cinya, ta ce wa maƙwabciyar da hannu ta kashe wayar.