Me Ya Yi Maka?

Mijina Lemuel ko kaza ba ya iya yankawa. Amma Allah ya ba shi siririyar fuska da murya mai sanyi, shi ya sa duk garin da muka sauka da wasan kwaikwayonmu shi ne mugun: aminin nan da ke zuba wa mutum ƙarya a kunne har ya ba matarsa guba.

Ranar Asabar da la'asar muka yi wasa a wani garin masu haƙar azurfa a duwatsun Colorado, can Amurka. Na ce wa mai gidan wasan ya karɓe bindigogi a ƙofa. Sakaran ya yi min dariya.

"Uwargida Orpha, nan ko coci da su ake shiga."

An kai ƙarshe, matar ta mutu, an kama mugun. A wasan ba ya faɗin dalilinsa, murmushi kawai yake yi a ja shi waje. Ina bayan labule sai na ji benci ya faɗi. Wani ƙato ya miƙe, ya saita Lemuel da bindiga.

"Kai, tsaya nan! Me ya yi maka?"

Wani ya ce, "Haba Denzil, wasa ne fa, zauna!" Ko waiwayawa bai yi ba. Mai gidan wasan ya raɗa min cewa bara Denzil ya kori matarsa cikin dusar ƙanƙara saboda wata magana da aka kai masa, gawarta aka tsinta.

"Da kai nake, munafuki. Mijin matar nan ya yarda da kai. Faɗa min dalili, ko na fasa kanka."

Babu wannan amsar a cikin abin da Lemuel ya haddace. Na ce a raina, faɗi komai mana, bawan Allah, kar ka mayar da ni gwauruwa a garin da ban san kowa ba!

Lemuel ya ce, "Bai yi min komai ba."

"Ƙarya kake!"

"Idan ya koma gida akwai mai tarbarsa da fara'a. Ni babu. Kullum ina kallo. Shi ke nan."

"Ita fa?"

"Ba ta yi komai ba. Na sani tun farko."

Denzil ya sauke bindigar a hankali, na saki numfashi. Sai ya juya ga wani ɗan siririn mutum da ke zaune kusa da shi, wanda har ya fara lalubar hularsa.

"Hosea. Kai ma ka sani tun farko?"

"Denzil, ɗan'uwana, saurara, abin da na gani na faɗa ma..."

Ƙarar bindigar Denzil ta cika ɗakin, Hosea ya kife ƙasa. Mutane suka yi ta tattake juna a ƙofa.

Na ja Lemuel bayan labule ina kuka ina shafa shi, ko ƙwarzane babu. Shi kuwa ya zauna a kan akwatin kaya, fentin fuskarsa na narkewa da zufa.

"Ka tsira, tashi mu bar garin nan," na ce.

Bai motsa ba.

"Orpha, ƙirƙirar maganar nan fa na yi. Ban san matar Denzil ba, ban san Hosea ba. Idan gaskiya Hosea ya gaya wa Denzil fa?"