Yashi a Cikin Bututu

Duk wanda ya san Baban Auta ya san shi da yashi. Tun yana saurayi aikinsa ke nan a masana'antar da ake ƙera gadajen asibiti: ya ɗauko bututun ƙarfe, ya toshe baki ɗaya da katako, ya ɗura masa busasshen yashi yana bubbugawa har ya cika dam, ya toshe ɗaya bakin, ya gasa a wuta, sannan ya lanƙwasa. Yashin nan shi ke hana bututu lotsewa a wurin gwiwa. In ka ce masa akwai wata hanya, sai ya yi maka kallon tausayi ya ci gaba da aikinsa.

Ana nan sai Maigida, mai masana'antar, ya sayo sabon inji, ƙato, ya cinye rabin ɗakin aiki. Ana jera masa bututu a kan wani tebur mai gangara, ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya da kansa, ya zura wata sandar ƙarfe a ciki ta tokare bututun, ya lanƙwasa shi a sanyi, ba wuta ba hayaƙi. Aka mayar da Baban Auta wurin yankan bututu. Tun daga ranar ko kusa da injin ba ya zuwa. Kishi ne tsagwaronsa, ko da yake shi cewa yake ƙarar ce ke damun kunnensa.

Abin da ya sanyaya masa rai shi ne wadda aka ɗora a kan injin. Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ta karanta aikin injina a makarantar fasaha. Maigida ya yi ta jan ƙafa kafin ya yarda, sai da uban ya yi ta sintiri a ofishinsa.

"Gwaji ne fa," in ji Maigida. "Kuskure ɗaya a kan injin nan, ta koma gida. Kada ka zo kana ba ni haƙuri."

Wata safiya aka kawo sabon bututu, siriri, mai rauni. Baban Auta ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya girgiza kai. Wannan in aka lanƙwasa shi fanko ai lotsewa zai yi, kuma a ce laifin yarinya ne. Ya ji labarin sandar da ke shiga ciki, amma ya ɗauke shi zaƙin bakin 'yan kasuwa. Sai ya jawo tsohon buhun yashinsa daga bayan ƙofa, ya cika kaɗan daga cikin bututun da ke kan gaba a layi, ya cusa katakon can ciki yadda ba mai gani balle a yi masa dariya. Ya jera su a kan teburin injin, ya koma wurin zartonsa yana jin daɗin kansa.

Auta ta zo, ta gaishe shi, ta kunna inji. Injin ya ɗauki bututun farko, ya yi gurnani kaɗan, sai ƙum! Komai ya tsaya cak, jar fitila ta kama walƙiya.

Maigida ya fito daga ofis da sauri, injiniyan da ya kafa injin yana biye da shi, don bai riga ya koma ba. Wani mai walda ya ce, "Ke danna koren maɓallin mana, ya ci gaba!" Auta ta ɗaga hannuwanta daga kan allon injin ta ce ba za ta danna komai ba sai an duba.

"Me kika taɓa?" in ji Maigida, murya a sama.

A nan ne Baban Auta ya gane abin da ya aikata. Auta kuwa ta leƙa bakin bututun, ta hango katako, ta juyo ta dubi uban nata. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya riga ta.

"Maigida, ba ita ba ce. Ni ne. Yashi na zuba a ciki."

"Me ka zuba?"

"Yashi."

Injiniya ya ja da sandar baya a hankali, ya zare bututun, nauyinsa ya kusa fizge shi ƙasa. Ya haska sandar da tocila, ya shafa ta daga kai har gindi, ya sake shafawa. Baban Auta yana tsaye yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa.

"Ko ƙwarzane babu," in ji injiniya. "Injin yana jin nauyin abin da yake turawa. Da ya ji sandar ta ci karo da wani abu, sai ya tsayar da kansa. Amma da an matsa masa ya ci gaba, da yanzu sandar ta karye." Ya dubi Maigida, ya nuna Auta da tocilar. "Wannan kada ka bari ta kuɓuce maka."

Daga nan ya sa ƙusa ya ɓalle katakon. Yashi ya tsiyayo shaaa, ya taru a kan takalmin Maigida.

Mai walda ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka ɗauka. Injiniya har da riƙe ciki, yana cewa rabonsa da ganin wannan aiki tun a shagon kawunsa, kuma wallahi an ɗura shi da kyau. Maigida ya so ya ɗaure fuska, abin ya faskara. Ya karkaɗe ƙafarsa ya ce, "Baba, daga yau buhun nan ya bar mini masana'anta. Ke kuma kunna mana mu gani."

Baban Auta ya zauna daɓas a kan wani akwati. Shi dai a dariyar nan ba abin da ya ji sai daɗi. A yi ta yi har gobe, tunda yarinya tana kan aikinta.

Aka zazzage sauran, aka busa su da iska, aka jera fanko. Wannan karon ya matso kusa, ya tsaya a bayan 'yarsa. Ya ga sandar ta shige, ya ga hannun injin ya juya a hankali, siririn bututun nan ya bi shi salin-alin. Da ya fito, ya karɓa ya shafa gwiwar da babban yatsa, ciki da waje, yana neman inda ta lotse. Bai samu ba.

"To, madalla," ya ce. "Ashe ya iya."

Da aka tashi cin abinci, yana sharar yashin, Auta ta zo ta karɓe tsintsiyar daga hannunsa.

"Baba, don Allah me ya kai ka?"

"Tsoro na ji kada ya lotse a ce ke ce."

Tana shara ta ce, "Ai na ga katakon. Na san hannunka."

"Na ga kin buɗe baki. Me za ki ce masa?"

"Cewa zan yi ni ce ban duba ba."

Ya daɗe yana kallonta, idonsa ya ciko.

"Allah na gode maka da ka sa na riga ki," ya ce.