Awartakin Malam Zailani

Malam Zailani wanzamin Ketare ya kasa zama ya kasa tsayuwa. Turmin haƙorinsa na hagu ya hana shi sakat. Ya tauna kanumfari, ya kurkure da ruwan gishiri, ya zagaya gidan har kaji suka gaji da kauce masa. Asibiti kuwa bai ko saka shi a lissafi ba. Mutumin da ya tsufa yana cire wa jama'a haƙora, yana yi wa ƙarti dariya in sun yi ihu, shi ne za a gani a layi da kunci kamar ya ɓoye goro? Ai Ketare ta samu abin hira har kaka.

Da kansa zai cire abinsa. Matsalar ɗaya ce, awartakinsa ba ya cikin zabira. 'Yarsa Shafa'atu, mai aikin haƙori a wani asibiti a Kankara, ta lallaɓe shi bara ta karɓe, wai tana haɗa ɗakin tarihin kula da haƙori.

Ya naɗa rawani ya rufe kumburin, ya hau ɗan acaɓa. Duk ramin da suka faɗa sai ya ji shi har ƙwaƙwalwa.

Ɗakin ƙarami ne. An jera asuwaki, garin gawayi, furen taba, da wani haƙorin Makka. A tsakiya, cikin gilashi, ga awartakinsa an goge shi yana walƙiya. Ransa ya sosu, ganin abokin aikinsa kwance ana kallo kamar an yi masa sutura.

“Baba! Lafiya da rawani cikin wanga zafi?” in ji Shafa'atu.

“Buɗe ki ba ni ƙarfena.”

“Mi za a yi da shi?”

“Aiki ya taso. Wani mutum ne.”

Ta dubi kuncinsa. Ta buɗe gilashin ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya karɓa ya ware bakin awartakin, ya zo matsewa. Yatsun suka ƙi. Ya sake gwadawa yana cije leɓe, ƙarfen sai kaɗawa yake, bakin ƙarfen na ƙwanƙwasar juna, ƙas-ƙas-ƙas. Ya tallafa da ɗaya hannun, shi ma rawa yake. Tsoro ya kama shi, wanda ya fi ciwon. Bai san lokacin da hannun nan ya bar shi ba.

Shafa'atu ta kau da kai tana gyara asuwakin da ba su karkace ba.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya mayar da awartakin mazauninsa da kansa, ya fara warware rawanin.

“Ina kujerar taki?” ya ce. “Ki rufe ƙofa. In kin ji na yi ihu, ba ki ji ba.”