Ranar da Aka Kwance wa RAM Dabaibayi

Mai buga takardu ba ya son laifi ya kwana a kansa. Da kwastomomi suka fara komawa shagon maƙwabci, sai ya ce kwamfutar ce ke nawa.

Taubashinsa mai gyara ya duba ya ce, "Kai dai an yi bawan Allah! Ka saya wa kwamfutarka ƙwaƙwalwar RAM mai gudu, ka bar shi a dabaibaye. Shiga BIOS, babban saitin kwamfutar, ka kunna XMP, shi zai kwance masa dabaibayin."

Ya yi bismillah ya kunna. Allon ya yi baƙi. Can sai kwamfutar ta farfaɗo, komai na buɗewa kafin ƙiftawar ido.

"Gobe layi har bakin titi!" in ji shi. Ya gyara zama, ya ci gaba da bugu da yatsa ɗaya.