Jan Dankali a Bokitin Netta

Wilma mai sikeli ta kife bokitin Netta Geddes a kan tebur a zauren taron ƙauye. Dankalin turawa ne ya gangaro, ƙosassu, jajaye jawur. Alhali irin da aka raba wa kowa a watan Afrilu, ɗaya-ɗaya, don ya shuka a bokiti a zo a auna, fari ne sol.

Mu nan gefen Aberdeen, maguɗi a wasa swick muke ce masa, mai yin sa ma swick ne. Wajen wasan domino da dariya ake jefa wa mutum kalmar. Amma in aka faɗe ta fuska a murtuke, ta manne ke nan har jikoki. Netta kuwa, shekara saba'in da huɗu ba ta taɓa leƙen hannun kowa ba. Kunya ta kama ta kamar ta nutse.

"Wilma, sati biyar ina asibiti da ƙugun nan," in ji ta. "Ko ruwa ban ba shi ba."

Can baya kujera ta yi ƙara. Dod Mutch ne, maƙwabcinta, wanda shekara tara suna takara yana shan kaye. Ya miƙe yana murza hula, kunnuwansa sun fi dankalin ja.

"Ku ƙyale ta, aikina ne. Na leƙa ta shinge na ga shukarta ta ƙone ƙurmus. Na ce matar nan ba za ta fito asibiti ta tarar da bokitin ƙasa zalla ba, sai na zuba mata nawa."

"To, uban dabara," in ji Wilma, "me ya hana ka zuba fari?"

"Farin nan salam yake! In ba ta abin da ni ba zan ci ba?"

Zaure ya kece da dariya, har da mai riƙe ciki. Wilma ta soke sunayensu su biyu tana share hawaye.

Netta ta tattara dankalin ɗaya bayan ɗaya cikin jakarta, ta dogara sanda har gaban Dod, ta rataya masa jakar a wuya.

"Ƙarfe shida, a gidana. Kai za ka fere, swick kawai."

Duk muka zuba wa fuskarta ido. Dariya take yi.