Kaset Ɗin Da Wendell Ya Kasa Hudawa

Takardar ta iso ranar Litinin, ta na'urar faks mai karɓar takarda ta layin tarho, wadda yanzu babu mai aiko da komai ta cikinta sai mutanen Tokyo. Wendell Haskew ya karanta ta a tsaye. Wa'adin yarjejeniya ya cika. Kafin ƙarshen wata su lalata duk abin da ya rage a hannunsu na fina-finan kamfanin Tokyo ɗin, har da uwar kaset ta kowane fim, wato babbar nan da ake kwafar sauran daga jikinta. Su ɗauki hoto, su sa hannu a takardar shaida. A can ƙasa ga jan hatimin Mista Kuramochi, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake.

Ba baƙon abu ba ne. Haka sana'ar take: aron fim kake yi na wasu shekaru, ran da wa'adi ya cika ka mayar ko ka lalata. Wendell ya yi haka ya fi a ƙirga. Sai dai wannan karon shi ne na ƙarshe, domin kamfaninsu shi da matarsa, Egret Video, babu sauran fim a hannunsa in ba waɗannan ba.

A 1991 aka fara. Lokacin Wendell gyaran talabijin yake yi a garin Alvin na jihar Texas. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya kawo masa na'urar bidiyo gyara, ya manta kaset a ciki. Katun ne na Japan, labarin wata yarinya da ke zuwa tashar jirgin ƙasa kullum tana jiran babanta. Shi da matarsa Lorene suka kalla, ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma da aka gama sai ya ga tana share hanci da gefen riga. Wasiƙa goma sha ɗaya ya aika Tokyo yana neman izinin sayar da fim ɗin a Amurka, ba amsa. Ta goma sha biyu ce ta faɗa hannun wani ƙaramin ma'aikaci mai suna Kuramochi Teruo.

Wendell ya je Tokyo da kwat ɗin aro da buhun gyaɗar pikan daga bishiyar bayan gidansu. Da Kuramochi ya miƙo masa katin sunansa da hannu biyu, kai a sunkuye, sai gogan ya fizge da hannu ɗaya, ya cusa a aljihun baya, ya zauna a kai. Sai bayan shekara uku wani ya gaya masa irin ɓarnar da ya yi. Duk da haka aka ba shi fim ɗin. Suka sa masa suna Yarinyar Tashar Ƙarshe.

Wata 'yar Japan da ke cocinsu ce ta fassara musu maganganun. Saura a ɗora rubutun a ƙasan allo, kowane layi ya fito a kan lokacinsa, ya ɓace a kan lokacinsa. Wannan aikin Lorene ne. Takan zauna a gareji, ɗan yatsa a kan maɓalli guda. Baki ya buɗe ta danna, baki ya rufe ta saki. In ta makara da ƙiftawar ido sai a koma baya. Mako uku ta yi a kan fim na awa ɗaya da rabi.

Daga bayan mota suka fara sayarwa, a tarukan masoya katun. Sai shagunan hayar kaset suka fara bugo waya. An yi lokacin da suke da ma'aikata goma sha huɗu da sito a bakin titin jirgi. Kaset ya wuce, faifai ya zo, suka bi. Sannan matasa suka gano za su iya kallon komai a kwamfuta tun kafin Wendell ya gama rubuta wa Tokyo wasiƙa. Shaguna suka yi ta rufewa. Yanzu, bayan shekara goma sha takwas, sun koma garejin da suka fito, su biyu. Hannun Lorene kuma ya kama rawa, ko kofin shayi sai ta tallafe shi da hannu biyu.

Wendell ya ɗauko na'urar huda katako ya fara aiki. Kwana huɗu yana yi. Ya jera faifai goma, ya huda, ya watsa a kwali. Ya ɗora kaset a kan benci, ya huda ta wuri biyu, ya ɗauki hoto. Bai tsaya karanta sunayensu ba don ya san halinsa. Ranar Juma'a da hantsi ya rage saura ɗaya, uwar kaset ɗin Yarinyar Tashar Ƙarshe, cikin akwatinta mai ruwan toka, da rubutun hannun Lorene a jiki na lokacin da hannun ke miƙe.

Ya ɗora ta a benci. Ya saita bakin na'ura. Sai ya ga kamar bakin ya dakushe, ya tafi neman wani. Ya dawo ya ga bencin na girgiɗi, ya tsaya yi masa waigi. Daga nan ya tuna bai ba karensu ruwa ba.

Abin da ke cin sa shi ne, kwamfutar da ke ɗauke da aikin Lorene ta tafi a ambaliyar 2001. Kaset-kaset ɗin da aka sayar kuwa kallo ya cinye su, fim ɗin kuma bai taɓa hawa faifai ba. Aikin yatsan nan na mako uku babu inda ya rage da kyansa sai cikin akwatin nan.

Lorene na zaune a ƙofar kicin tana kallon zirga-zirgarsa.

“Tsoho, karen nan sau uku ka ba shi ruwa yau. So kake cikinsa ya fashe?”

Ya ce mata bakin na'urar ne ba shi da kyau. Ta ce wannan bakin ya huda dubu bai yi ƙorafi ba. In ba zai iya ba, ya sa hannu a takarda kawai, ya tura akwatin ƙarƙashin gado, wa zai taso daga Tokyo ya leƙa? Wendell ya girgiza kai. Shekara goma sha takwas bai taɓa yi wa Kuramochi ƙarya ba, mutumin da ya ba shi amana bayan ya zauna a kan sunansa. Ba zai fara da furfura ba.

“To huda mana,” in ji ta. “Ai ba ni ce a cikin akwatin ba. Ga ni nan zaune, ina jiran a dafa min shayi.”

Ya dafa mata shayin. Sannan ya zauna ya rubuta wa Kuramochi gaskiya da manyan baƙaƙe. Ya lalata komai sai guda ɗaya. Ba zai sa hannu cewa ya lalata ta ba, kuma hannunsa ya ƙi hudawa. Tunda yarjejeniya ta ce a lalata ko a mayar, yana roƙon a bar shi ya mayar, ko ba komai ya san tana wani wuri.

Kwana uku na'urar faks ba ta ce uffan ba. Wendell ya duba wayarta, ya canja takarda, ya sake dubawa. A rana ta huɗu ta fito da layi biyu: lambar jirgi da lokacin saukarsa a Houston.

Kuramochi ya tsufa fiye da yadda Wendell ya zata. Ƙaramar jaka ce a hannunsa, da kwalin biskit ɗin shinkafa irin wanda yake aiko musu kowace shekara, wanda Lorene ke rarraba wa maƙwabta a ɓoye. Ya cire takalmi a ƙofa ko da yake an ce ya bar su. Ya tambayi lafiyar bishiyar pikan. Ya yaba zafin garin. Wendell dai yana ta motsi a kujera, ya tabbata tafiyar awa goma sha uku ba a yin ta don yabon bishiya.

Sai da ya shanye shayi ya ajiye kofi sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. An sayar da kamfaninsu. Sababbin masu shi sun kwashe sito. Da aka buɗe gwangwanayen asalin fim ɗin yarinyar, sai wari mai tsami ya bugi mutane, duk ya narke ya manne. Wanda ya shirya fim ɗin ya rasu shekara shida da suka wuce. Ke nan a duk duniya babu sauran mai kyau sai ta cikin garejin nan. In kuma aka mayar da ita Tokyo, babu kantar da za a ɗora ta, shara za ta bi. Shi kansa ranar Juma'a zai ajiye aiki.

Da ma mayarwar ce kaɗai mafitar da Wendell ya gani.

“Haskew-san,” in ji Kuramochi da kiran girmamawa irin nasu, “na'urar da ke karanta ta tana aiki?”

Tana aiki. Suka jera kujeru uku a gareji, suka sauke ƙofa don hasken la'asar. Na'urar ta haɗiye kaset da gurnani, yarinyar ta fito da jar lema a kan dandamalin tasha.

Wendell bai kalli allon sosai ba. Hannun Lorene yake kallo a kan hannun kujera. Da farko yana ta rawarsa. Da aka fara magana sai ɗan yatsan ya sauka, ya ɗaga, ya sauka, daidai da fitar kowane layi. Sauran yatsun suna karkarwa, wannan ɗaya kuwa yana kan aikinsa. Ita ba ta ma sani ba.

Kusa da ƙarshe akwai wurin da jirgin ƙarshe ke wucewa ba wanda ya sauka, yarinyar ta ce wa mai gadin tasha gobe ma za ta dawo. Ƙa'ida ita ce baki ya rufe, rubutu ya ɓace. A nan Lorene ta saɓa. Ta bar layin a ƙasan allo, yarinyar na tsaye shiru, har sai da fitilar jirgin ta shige duhu. Wendell ya tuna sun yi musu a kan wannan a lokacin, shi yana cewa Japanawa za su ce an yi kuskure.

Kuramochi ya ɗaga hannu a tsayar. Ya juya wajen Lorene, ya ce akwai maganar da ya riƙe shekara goma sha takwas, don a wurinsu ba a kai wa abokin ciniki yabo, kada ya nemi ragi. Lokacin da samfurin farko ya isa Tokyo, manyansa sun ga wurin nan sun ce a gyara. Wanda ya shirya fim ɗin ne ya hana. Ya sa aka maimaita masa sau uku, sannan ya ce duk wanda ya riƙe layin nan ya san abin da ake kira jira, a ba su duk fim ɗin da suka nema.

“Ni kuma na ɗauka pikan ɗina ne,” in ji Wendell.

“Pikan ɗin ma ya taimaka,” in ji Kuramochi, ko murmushi bai yi ba.

Lorene ta kalli allon da ke tsaye. Ta ce ita ba wata dabara ta yi ba, yatsanta ne ya ƙi ɗagawa. Ta nemi hankici, Wendell ya miƙa mata tsumman goge na'ura, ta karɓa ta harare shi.

Da fim ya ƙare Kuramochi ya ciro takarda biyu daga jaka, da ɗan akwatin hatiminsa. Ta farko ta ce Egret Video ya mayar da uwar kaset hannun wakilin kamfani, an karɓa lafiya. Ya sa Wendell ya miƙo masa akwatin, ya karɓa, ya buga hatimi. Ta biyu kuma ta ce wakilin kamfani, wanda har zuwa Juma'a shi ke da ikon zaɓar inda ake ajiye kayan kamfani a ƙasashen waje, ya zaɓi wani gida a garin Alvin, ƙarƙashin kulawar Misis Lorene Haskew. Ba a sayarwa, ba a kwafa. Amma kaset in ba a juya shi yakan manne, saboda haka wajibi ne mai ajiya ta kunna shi aƙalla sau ɗaya a shekara, daga farko har ƙarshe. Kwafin takardar zai shiga fayil a Tokyo, duk mai son gani ya gani.

Ya buga hatimi na biyu, ya hura, ya miƙe tsaye ya miƙo takardar da hannu biyu. Wendell ya goge tafukansa a wando, ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuya har sai da bayansa ya yi ƙara.

“Ba ni nan, tsoho,” in ji Lorene, “kafin ka zauna a kai.”

Kuramochi ya zagaya garejin, hannuwa a baya, kamar mai duba sito da gaske. Ya tsaya a gaban tabon da ruwan ambaliya ya bari a bango, daidai gwiwarsa. Ya ce a matsayinsa na wakilin kamfani ba zai yarda a ajiye kaya ƙasa da kafaɗar mutum ba.

Wendell ya ɗauko katako da na'urar huda don kafa sabuwar kanta. Kuramochi ya cire kwat, ya naɗe hannun riga, ya dafa masa katakon a bango. Lorene na daga kujera, akwatin a kan cinyarta, tana ce musu ɓangaren hagu ya karkace, su ɗaga kaɗan.