Hanyar Gawa ta Haddry

Wilf Tapscott ya rasu ranar Alhamis da hantsi a kan kujerarsa ta kusa da murhu, takalman robansa na bakin ƙofa da ɗanyen taɓo a jikinsu. Kafin a sha shayin yamma, matarsa Enid ta riga ta yi faɗa da mutum biyu a kan jana'izarsa.

Na farkon mai shirya jana'iza ne, wanda ya zo daga cikin gari da hoton doguwar baƙar motarsa. Enid ta ce masa akwati take so, motar kuma ya riƙe abarsa. Ta biyun 'yarta ce, Rosalind, wadda ta baro aikinta a Bristol ta iso ido jajur.

"Mama, ta titi mil huɗu ne, minti goma a mota. Me ya yi zafi?"

"Ta Hanyar Gawa rabin mil ne."

"Hanyar Gawa ai shekara uku ke nan tana kulle!"

"Na sani. Ubanki ne ya mutu, ba idona ba."

Gidajen Haddry a gindin tudu suke, coci da maƙabarta kuma a can bisa. Dogon Fili ne ya raba su, kuma ta tsakiyarsa wata 'yar siririyar hanya ta ratsa, wadda tun kaka da kakanni ta nan ake hawa da mamaci a kafaɗa. Tsofaffi sun yi imani duk hanyar da gawa ta bi ba ta sake rufuwa. Lauyoyi dariya suke yi wa wannan magana, mu kuwa ba mu taɓa jin abin dariya a cikinta ba.

Matsalar ita ce, lokacin da hukuma ta zana taswirar hanyoyin ƙafa shekaru saba'in da suka wuce, magatakardan ƙauye ya manta da wannan. Babu wanda ya damu, don mai gonar na da bai taɓa hana ko kare wucewa ba. Sai da Piers Langridge ya zo daga Landan da dawakinsa uku ya sayi gonar aka gane an yi sake. Wata biyu da tarewarsa ya kafa wani ƙaton ƙyauren ƙarfe a bakin hanyar, ya ɗaure da sarƙa da kwaɗo. Ko aikin kafawar bai ba Clive Pocock ba, makiyayin tumakin da shi ya rataya kusan kowane ƙyaure a ƙauyen. Daga birni ya ɗauko ma'aikata masu riguna iri ɗaya.

Wilf shi ne shugaban 'Yan Almakashi, tsofaffi goma sha ɗaya da ke fita kowace Talata suna datse ƙaya da gyara matakalan tsallake shinge, ba wanda ke biyansu ko kwabo. Shi ya bi gida-gida ya tattaro shaidar mutum sittin da uku cewa sun fi shekara ashirin suna bin hanyar, ya aika wa ofishin gunduma. Takardun suna can suna barci har yau. Yana kuma da wani ɗan littafi mai jan bango da yake rubuta duk fitar da suka yi, da hanyar da suka bi, da yawan mutanen. Sharuɗɗan doka uku kuwa ya maimaita su a teburin abinci har Enid ta haddace ba da sonta ba: hanya tana zama ta jama'a ne idan an bi ta ba da ƙarfi ba, ba a ɓoye ba, ba kuma da izinin mai gona ba.

A hunturun bara da ƙirjinsa ya fara tsananta, ya ce mata, "In ban sake bin ta da ƙafata ba, ku bi da ni a kafaɗa. Amma Enid, kada ki roƙi kowa."

Ta ce masa ya sha maganinsa ya daina surutun banza. Amma ta ji, kuma ta riƙe.

Ranar Asabar sai ga Langridge ya zo ta'aziyya. A faɗi gaskiya, mutumin ba shi da mugun fuska. Ya goge ƙafa sau biyu a bakin ƙofa, ya miƙa furanni, ya ce Wilf mutumin kirki ne duk da saɓanin da ke tsakaninsu. Sannan ya ajiye mabuɗi a kan tebur, da wata takarda a ƙarƙashinsa.

"Na ji labarin wasiyyarsa, Misis Tapscott. Ni ba dutse ba ne. Ku bi ranar Talata, ku dawo min da mabuɗin. Hannu kawai za ki sa a nan."

Rosalind ta saki ajiyar zuciya, har ta tashi za ta ɗora ruwan shayi. Enid ta sa tabarau. Layi huɗu ne kacal a takardar, ta karanta su a hankali tana bi da yatsa. A layi na biyu yatsan ya tsaya, inda aka rubuta cewa iyalan Tapscott da jama'ar Haddry za su ratsa Dogon Fili bisa izinin mai shi, na rana ɗaya.

"Kai ka rubuta, ko lauyanka?"

Kunnuwansa suka yi ja. "Ai ƙa'ida ce kawai."

"Ƙa'ida ce mai kyau. In na sa hannu, matar Wilf Tapscott ta yarda da bakinta cewa hanyar taka ce, aronta muke yi. Gawarsa za ta rusa abin da ya shekara uku yana ginawa." Ta tura mabuɗin da ɗan yatsa ɗaya har ya taɓa hannunsa. "Furannin mun gode."

"To ƙyauren zai zauna a kulle. Duk wanda ya taɓa min kwaɗo, zan ɗauke shi a waya in kai inda ya kamata."

"Madalla. Ka tsaya inda haske yake, ka ɗauke mu da kyau. Da ma ba a ɓoye muke son wucewa ba."

Yana fita Rosalind ta fashe. "Wallahi Mama taurin kanki ya wuce misali! An kawo miki mabuɗi har gida! Yanzu gawar Baba za ki kai bakin ƙyaure ki tsayar cikin ruwan sama, gari na kallo, a juyo da shi kamar kayan da aka ƙi karɓa?"

Maganar ta soki Enid, don abin da take tsoro ke nan. Ba ta da wata dabara. Alkawari kawai gare ta da ciwon gwiwa. Ta ɗebi furannin ta sa a ruwa.

Ranar Litinin 'Yan Almakashi suka taru a zauren taron ƙauye, kowa da kofin shayi da yankan kek. Dilys Harker, tsohuwar malamar makaranta mai shekara saba'in da takwas, ta ce tana da almakashin yanke ƙarfe a rumfar lambunta, kuma kurkuku ba ya ba ta tsoro.

"Zauna, Dilys," in ji Enid. "In muka yanke sarƙa mun shiga da ƙarfi. Abin da yake jira ke nan."

Wani ya ce a tsallakar da akwatin ta sama. Aka tuna masa ƙyauren ya kai kafaɗar mutum, ga waya mai ƙaya a bisa, autansu kuma shekararsa sittin da huɗu da sabon ƙugu na roba da likita ya sa masa. Aka yi ta ka-ce-na-ce har shayi ya huce. Clive Pocock yana gefe yana ta cin kek, yanka na uku ke nan.

"Kai Clive, ci ka zo yi ko shawara?" in ji Dilys.

Ya haɗiye, ya kaɗe gemu. "Ku dai kawo min shi bakin ƙyauren."

"Sannan?"

"Sannan ku ja baya kaɗan."

Aka yi juyin duniya ya ƙara bayani, ya ƙi. Ya ce zauren nan bango ne kawai ba ya kai gulma, kuma matar da ke yi wa Langridge shara 'yar ƙanwar Dilys ce. Enid ta dube shi. Shekara hamsin ta san Clive, ba ta taɓa jin ya yi alkawarin da ya fi ƙarfinsa ba, don da ƙyar ma yake magana. Ta ce to.

Talata ta waye da yayyafi. Ƙarfe goma aka fito da Wilf daga gida, mutum shida suka saɓa shi, wasu shida na biye don karɓa, har da mata biyu. Limamiyar coci, Rabaran Philippa, tana gaba da farar rigarta da takalman roba a ƙasa. Rabin ƙauyen ya biyo baya. Enid na riƙe da sandar Wilf, ɗan jan littafin na cikin aljihun kwat ɗinta.

Langridge na tsaye ta cikin ƙyauren, waya a hannu ɗaya, mabuɗi a ɗayan. Jerin mutanen ya tsaya cak. Ruwa na ɗiga daga gefen akwatin zuwa wuyan masu ɗauka.

"Misis Tapscott," in ji Langridge, murya ƙasa-ƙasa, "na bar maganar takarda. Ki ce kawai in buɗe miki, in buɗe. Kada ki wahalar da bayin Allah."

Wayar na kallon bakinta. Kalma ɗaya ce, kuma ga mijinta yana jiƙewa, ga tsofaffi na nishi saboda ita. Tausayinsu ya kama ta har ta ji ta tsani kanta. Ta buɗe baki, ita kanta ba ta san abin da zai fito ba.

"Mun gode, Mista Langridge, ba ma buƙata."

Rosalind ce. Ta matso ta saƙala hannunta cikin na uwarta, fuska sharkaf da ruwa da hawaye. "Babana bai taɓa neman izini a hanyar nan ba. Ba yau zai fara ba."

Sai ga Clive ya ratso da baƙar kwat ɗinsa ta jana'iza wadda ta yi masa kaɗan. Ko kallon kwaɗon bai yi ba. Ya wuce ɗaya gefen, inda ƙyauren ke rataye a jikin ginshiƙi, ya yafito mutum biyu. Suka durƙusa, suka sa kafaɗa, Clive ya ce, "Hap!" Ƙyauren ya ɗago kamar murfin tukunya, ya rabu da ginshiƙin. Suka juya shi gefe a hankali, sarƙar da kwaɗon na nan ɗaure yadda mai su ya bar su.

Duk yaron da ya tashi a gona ya san ƙyaure a kan ƙugiya biyu yake rataye, kuma ta saman kifa ta ake yi ta kalli ƙasa, don kada a ɗage shi. Ma'aikatan birni masu riguna iri ɗaya duka biyun sama suka kallar da su.

"Shekara uku ina wucewa ina ganinsa," in ji Clive, yana goge hannu a wando. "Wilf ya hana ni. Wai a jira takarda."

"Wannan fashi ne!" in ji Langridge. "Lauyana zai ji!"

"Gaishe shi," in ji Dilys. "Ka ce ya duba kwaɗon, ko ƙwarzane babu."

Ko ɗaga ƙyaure ƙarfi ne a idon doka, wannan lauyoyi sa ci abinci a kansa shekara da shekaru. Mu dai a ranar ba mu karya komai ba. Rabaran Philippa ta ɗaga littafinta ta ci gaba da karatu daga inda ta tsaya, ta taka cikin Dogon Fili. Da akwatin ya zo daidai Langridge, sai ya rasa yadda zai yi da hannuwansa. Ya soke wayar a aljihu, ya cire hula, ya tsaya ruwa na dukan sanƙonsa har mutum na ƙarshe ya wuce.

Enid ba ta bi su nan da nan ba. Ta tsaya sai da Clive da mutanensa suka mayar da ƙyauren kan ƙugiyoyinsa, ta kama shi ta jijjiga ta tabbatar ya zauna. A Haddry ba a barin ƙyauren wani a buɗe, ko na maƙiyi ne, dabba na iya fita.

Sau huɗu aka canja masu ɗauka kafin a kai bisa tudu, Dilys ma ta faɗi zaune cikin taɓo ta tashi tana zagin takalminta. Aka sa Wilf kusa da iyayensa. Da jama'a suka gangara zauren taro cin abinci, Enid ta zauna a bencin ƙofar coci ta ciro ɗan jan littafin. Rabon da sunan Hanyar Gawa ya fito a ciki shekara uku ke nan, da rubutunsa mai kwanciya gefe. A nan ne kukan da ta riƙe tun Alhamis ya ƙwace mata, ta yi shi son ranta, Rosalind na riƙe da kafaɗarta.

Da ta natsu ta share tabarau, ta karɓi biro, ta rubuta a ƙarƙashin layinsa na ƙarshe:

"Talata. Hanyar Gawa. Mutum hamsin da biyu a ƙasa, ɗaya a kafaɗa. Ba mu roƙi kowa ba, Wilf. Mun rufe ƙyaure."